Maigida, Idan Likita Ya Ce Sankarar Mama Ce

Wannan takarda taka ce, kai magidancin da ke zaune a Lugbe ta Abuja, ko a Federal Housing ko a ƙauyukan da ke bakin titin filin jirgi, wanda shekarunsa sun kusa 60 ko aikinsa ya kusa cika 35. Kana cikin lissafin fansho da komawa gida Katsina ko Zariya, sai uwargida ta ji ƙullutu a mamanta, asibiti ya ce sankara ce.

Da farko ka sani cutar nan ba jifa ba ce, ba kuma a ɗaukarta ta wurin cin abinci tare ko kwanciya. Ita ce dajin da ya fi kama mata a Nijeriya. A 2022 an ƙiyasta sababbin masu ita sun haura 30,000. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya fashe, bayan an ɓata watanni ana shafe-shafe. Addu'a wajibi ce, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Babban Asibitin Ƙasa na Abuja yana da na'urar gashin daji, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

Ka raka ta da ƙafarka. Kada ka ce direba ko ƙanwarta sun isa. Wanda aka gaya wa irin wannan labari ba ya riƙe rabin abin da likita ya faɗa, don haka ka je da littafi, ka rubuta, ka yi tambaya. Maganin kemo, wanda sau da yawa ake sawa bayan kowane mako uku, yana kawo amai da kasala da zubewar gashi. Gashi zai dawo. Kwanakin nan ba na jiran tuwo daga hannunta ba ne. A nemo mai taimako, ko kai ka shiga madafa, rawaninka ba zai faɗi ba.

Wuri mafi nauyi shi ne idan aka ce sai an cire maman. Mata da yawa sun ƙi aikin don tsoron miji zai juya baya, har ajali ya riske su. Ka faɗa mata da bakinka, tun kafin ta tambaya, cewa ranta ka fi so. Mai kawo maka zancen ƙarin aure a wannan lokaci, ko da ɗan'uwanka ne, ka sallame shi.

Sai kuɗi. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma tana tafiya ne da aiki. Tun kana ofis ka je hukumar inshorar lafiya, NHIA, ka tambayi yadda za ku ci gaba a tsarinta na GIFSHIP bayan ritaya. Ka kuma nemi bayani a asibiti kan asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi sankarar mama. Kuɗin fansho kan yi jinkiri, kada ka jingina magani da su. Ƙaura zuwa gida kuwa a ɗage ta har likita ya yarda.

'Ya'yanku mata da 'yan'uwanta su sani, domin haɗarin ya ɗan fi yawa ga dangi na jini. Ku tura su a duba su.