Yaɗuwar Zazzaɓin Lassa a Cikin Asibiti: Hanyoyin Kariya da Matsalar Isar da Saƙo cikin Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala ta dubi yadda cututtukan bairos ke yaɗuwa a cikin asibiti, ta ɗauki zazzaɓin Lassa a matsayin misali, domin tarihin gano shi tarihin kamuwar ma'aikatan jinya ne. A shekarar 1969, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka mai suna Laura Wine ta kwanta rashin lafiya a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau. Aka kawo ta asibitin mishan a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, ta tsira bayan an kai ta Amurka, kuma a Jami'ar Yale aka tantance ƙwayar cutar. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, ta yi ajalin Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu yayin binciken gawa.

2.0 Yadda Cutar ke Ratsa Asibiti

Tushen cutar wani nau'in ɓera ne da ke zubar da ƙwayar ta fitsari da kashi. Amma da zarar ta shiga asibiti, ɓera ya gama nasa aiki. Jini da amai da fitsarin marar lafiya su ne hanya, sai allura ko kayan tiyata da ba a tsabtace ba. An ga haka a wasu asibitoci biyu a Jihar Imo a 1989, inda aka danganta ɓarkewar da maimaita amfani da sirinji.

Abin da ya sa cutar ke shammatar ma'aikata shi ne kamanninta. Tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu ita ba sa nuna alama mai tsanani. Farkonta zazzaɓi ne da kasala da ciwon maƙogwaro, sai a yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Kafin a farga, majiyyacin ya kwana huɗu ko biyar a babban ɗaki cikin jama'a.

3.0 Matakan Kariya

Ƙa'idar farko ita ce a ɗauki jinin kowane majiyyaci da ruwan jikinsa a matsayin abin tsoro, ko an san cutarsa ko ba a sani ba. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace lokuta biyar na tsabtace hannu, daga kafin taɓa majiyyaci har zuwa bayan taɓa abin da ke kewaye da shi. Wankin hannu da sabulu na buƙatar daƙiƙa 40 zuwa 60. Safar hannu ba ta maye gurbinsa, kuma wanda ya zaga gadaje goma da safa ɗaya kansa kaɗai ya kare. Sai tantance masu zazzaɓi tun daga bakin ƙofa, da keɓe wanda ake zargi, da jefa allura cikin akwatinta ba tare da mayar mata da murfi ba. Maganin ribavirin da ake bayarwa ya fi amfani idan an fara shi da wuri, don haka saurin zargi kansa kariya ne. Ebola ta 2014 a Legas shaida ce: Dakta Ameyo Adadevoh ta hana majiyyacin farko barin asibiti, ta rasa ranta, amma cutar ta tsaya a mutum 20.

4.0 Gurbin Masana Harshe

A nan ne batun ya shafi manazarta Hausa. A asibitocin ƙasar Hausa, dangi ne ke wanke majiyyaci, su zubar da fo, su ba shi abinci da hannu. Ba su da safa, ba su da horo, kuma takardun faɗakarwa sun fi fuskantar ma'aikata. Hatta kalmar "majinyaci" akan ji ta da ma'anar marar lafiya, akan kuma ji ta da ma'anar mai kula da shi, sai umarni ya rasa wanda yake nufi.

Haka "ƙwayar cuta" ta haɗa bairos da bakteriya wuri guda, shi ya sa mai jinya ke ganin kafso zai wadatar. "Killacewa" kuwa tana da ƙamshin ɗauri da tsangwama a kunnen jama'a, alhali "keɓewa" ta fi taushi, ta kuma fi kusa da manufa. A ganin wannan nazari, saƙon da ya ce kawai "an hana dubiya" ba zai karɓu ba a al'ummar da ta ɗauki dubiya haƙƙin zumunci da addini. Gara a ce a yi dubiya daga nesa, a yi addu'a, kada a zauna bakin gado. Wankan gawa ya fi wannan sarƙaƙiya, domin gawar mai Lassa tana ɗauke da ƙwayar, kuma lafazin da za a gaya wa iyali sai likita da malami da masanin harshe sun zauna tare sun tsara shi.