Ladubban Magana da Dillalin Gidaje

Dillali shi ne mai shiga tsakanin mai gida da mai neman haya, ladansa kuwa shi ake kira la'ada. Sabon malamin da aka tura baƙon gari yakan dogara da shi, don haka wajibi ne ya san ladubban yi masa magana.

Mai neman gida zai fara da sallama da gaisuwa, ya kira shi Malam ko Alhaji, sannan ya fayyace buƙatarsa: unguwa, yawan ɗakuna da iyakar ƙarfinsa. Kafin a je ganin gida, a yanke la'ada. A garuruwan Nijeriya da dama kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin hayar shekara. Idan gida bai yi masa ba, kada ya kushe shi gaban mazaunansa. In ya taya aka ce "albarka", ba a sallama ba ke nan. Sai ya ƙara ko ya haƙura.

Sai dai ladabi bai hana taka-tsantsan ba. Kada ya ba da kafin alƙalami sai ya ga mai gida, ya kuma karɓi rasit gaban shaidu.

Aiki: Ɗalibai su tsara hira tsakanin malami da dillali.