Rayuwa Bayan Gyaran Babbar Jijiyar Zuciya

Ya ku 'yan'uwa mazauna Totsi da kewaye, babbar jijiyar da ke ɗauke da jini daga zuciya takan hau sama cikin ƙirji, ta lanƙwasa kamar baka, sannan ta gangara ciki. Daga wannan lanƙwasa rassa uku suke fita, suna kai jini ga ƙwaƙwalwa da hannuwa. Hawan jini na shekaru, shan taba da tsufa kan raunana bangonta har ta kumbura ko ta tsage. Hanyoyin gyara biyu ne, kowace da irin rayuwar da ke biyo bayanta.

Ta farko ita ce buɗe ƙirji. Ana raba ƙashin ƙirji, na'ura ta karɓi aikin zuciya da huhu, a sanyaya jiki domin kare ƙwaƙwalwa, a ɗinka bututu a gurbin da ya lalace. Jinyarta da nauyi. Ƙashin kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, kasala kuwa ta kan kai watanni. A lokacin babu ɗaukar kaya, babu tuƙa babur, wani ma a zaune zai yi salla. Amma gyaran yana da ƙarko.

Ta biyu, ana zura bututu mai ragar ƙarfe ta jijiyar matsematsi har ya isa ƙirji. Likitocin jami'ar Stanford ta Amurka sun ba da rahoton irin wannan aiki a jijiyar ƙirji a 1994. Rauni kaɗan ne, ana saurin komawa gida, shi ya sa ake zaɓar ta ga tsofaffi da masu raunin jiki. Sai dai jini kan iya yoyo ta gefen bututun ba tare da kun ji komai ba. Saboda haka hoton sikana a kai a kai ya zama wajibi har ƙarshen rayuwa, wani lokaci kuma a sake aiki. A duka biyun akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Kada ƙanƙantar rauni kaɗai ta yanke muku hukunci, musamman idan ƙetare iyaka za ku yi don aikin. Ku tambayi likita: Wace hanya ta dace da shekaruna da siffar jijiyata? Wa zai riƙa duba ni idan na dawo Lome? Nawa ne kuɗin sikana duk shekara? Ku dawo da takardunku da hotunanku cikakku, ku kai wa likitan zuciya, kamar a asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin.

Ku riƙe maganin hawan jini ko da kun ji garau, ku rage gishiri, ku bar taba. Ciwon ƙirji ko baya mai tsanani na farat ɗaya, karkacewar baki ko sarƙewar harshe, ba na jiran wayewar gari ba ne: a tafi asibiti nan take. Allah ya ƙara mana lafiya.