Idan Kulocin Babur Yana Zamewa

Kuloci ne yake kai ƙarfin inji zuwa tayar baya. Idan ya fara zamewa, sai a murɗa totur, inji ya yi ta ruri, amma gudu bai ƙaru ba. An fi ganin haka wajen hawan tudu, ko in an ɗora kaya. Fetur yana ƙonewa a banza. Babur kuma yana iya kasa wuce mota a kan titi.

Ga abubuwa huɗu da za a duba:

1. Waya. A taɓa hannun kuloci. Ya kamata bakinsa ya motsa kamar milimita 10 zuwa 20 kafin waya ta ja. In ta ɗaure tamau, a sassauta ta da notinta.

2. Baƙin mai. A yawancin babura, faya-fayan kuloci cikin mai suke. Wani man mota ya cika santsi. A juye shi, a zuba na babur mai alamar JASO MA.

3. Faya-fayai. In sun cinye ko sun ƙone, bakanike ya canza su. A jiƙa sababbin a cikin mai kafin a ɗaura.

4. Sifirin. Su ne suke matse faya-fayan. In sun yi laushi, a canza su duka. Babur da aka ƙara wa injinsa ƙarfi, sai da sifirin masu tauri.

Mai babur ya fara da waya, domin gyaranta ba ya cin ko kwabo. In aka yi sakaci, faya-fayai za su ƙone, kuɗin gyara ya yi yawa.