Citta da Tashin Zuciya a Lokacin Jinyar Ciwon Daji

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da likitoci ke bi wajen yaƙi da ciwon daji, wato sankara, akwai amfani da magunguna masu ƙarfi da ake kira kemoterafi. Babbar wahalar da majinyata suka fi kuka da ita a wannan jinya ita ce tashin zuciya da amai. Wahalar kan kai wasu ga ƙin cin abinci, ruwan jikinsu ya ƙare, wasu ma su daina zuwa asibiti alhali jinyar ba ta kammala ba. Wannan darasi zai dubi musabbabin matsalar da kuma irin taimakon da citta za ta iya bayarwa.

Me Ke Jawo Aman?

Kemoterafi na kai hari ne kan ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Ƙwayoyin ciwon daji haka suke, to amma haka ma ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji. Idan maganin ya taɓa hanji, sai wasu ƙwayoyi su saki wani sinadari mai suna sirotonin. Shi kuma sai ya zunguri wata doguwar jijiya da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa, saƙo ya isa cibiyar amai da ke gindin ƙwaƙwalwa. Maganin sisfilatin, alal misali, kan sa fiye da mutum 90 cikin 100 amai in ba a yi rigakafi ba.

Masana sun kasa wannan tashin zuciya gida uku. Akwai mai zuwa cikin awa 24 na farko, akwai mai jinkiri wanda kan biyo baya har ya ɗauki kwanaki, sannan akwai na fargaba, wanda warin asibiti kaɗai kan tayar da shi tun kafin a sa magani. A shekarar 1991 aka amince da maganin ondansitiron a Amurka, wanda ke toshe kafar da sirotonin ke bi, ya kuma kawo sauƙi matuƙa.

Ina Matsayin Citta?

Citta, wadda ake nomawa da yawa a yankunan Kaciya da Jaba na Jihar Kaduna, na ɗauke da sinadaran jinjarol da shogawol, su ne ke ba ta yaji. Gwaje-gwaje sun nuna cewa sukan rage tasirin sirotonin a hanji, sannan citta na taimaka wa tumbi ya sauke abinci da wuri.

A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Rochester ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi kan majinyata 576. An ba wasu citta, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu komai cikinta. An fara shan cittar kwana 3 kafin kemoterafi, aka ci gaba har kwana 6. Waɗanda suka sha rabin giram zuwa giram 1 a rana su suka fi samun sauƙin tashin zuciya a ranar farko, fiye ma da masu shan giram ɗaya da rabi. A lura da abu biyu: kowa a cikinsu yana shan maganin amai na asibiti, kuma yawan citta bai ƙara amfani ba. Ke nan citta mataimakiya ce, ba ta maye gurbin magani, kuma rigakafi ya fi magani.

Wasu Dabaru

Majinyaci ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kamar kunu ko farar shinkafa, ya guji mai maiƙo da mai ƙarfin ƙanshi. Abinci mai sanyi bai kai mai zafi tashin wari ba. Ya riƙa kurɓar ruwa a hankali, kada kuma ya kwanta da zarar ya gama ci.

Gargaɗi

Kemoterafi kan rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, citta mai yawa kuwa na iya ƙara haɗarin zubar jini, musamman ga mai shan maganin tsinka jini. Haka kuma wasu saiwoyi da jiƙe-jiƙe kan gurɓata aikin maganin ko su wahalar da hanta. Saboda haka wajibi ne a sanar da likita duk abin da ake sha. In amai ya wuce yini guda, ko aka ga jini a ciki, ko zazzaɓi ya taso, sai a garzaya asibiti.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyar da saƙon amai ke bi daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa.
2. Don me aka ba wasu majinyata ƙwayar da babu citta a cikinta?