FILIN MANOMA: Ƙwan Lantarki Na LED A Ɗakin Kaji

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana ne a kan fitila, gama mai kiwon kaji, da mai kanti, da akawun da ke biyan kuɗin wuta ƙarshen wata, duk abin ya shafe su.

Tsohon ƙwan lantarki, irin wanda Thomas Edison na Amurka ya fito da shi a 1879, wata 'yar siririyar waya ce cikin gilashi. Wuta kan bi ta cikinta har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan ta ba da haske. To, a nan ɓarnar take. Cikin kashi 10 na wutar da ƙwan ya sha, wajen kashi 9 zafi ne kurum. Ga shi kuwa bayan kamar awa 1,000 sai wayar ta tsinke. Daga baya aka kawo mai murɗaɗɗen gilashi, wanda ya fi shi tsimin wuta, amma akwai zaiba a cikinsa, ita kuwa guba ce idan ya fashe kusa da abincin kaji.

Shi ƙwan LED ba ya gasa waya. Waɗansu 'yan ƙwayoyi ne a ciki masu ba da haske da zarar wuta ta ratsa su. Tun 1962 aka sami mai jan haske, amma farin haske bai samu ba sai da waɗansu masana uku 'yan asalin Japan, watau Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990. Saboda wannan aiki aka ba su lambar Nobel a 2014.

Bari mu yi lissafi. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa, LED mai wat 9 yana ba da kamarsa. A ce mutum yana da ƙwai 10, yana kunna su awa 4 kowace rana. A wata guda tsofaffin za su ci yunit 72 a mita, na LED kuwa ba su kai 11 ba. Mai ƙaramin janareta ya duba: tsofaffi 10 wat 600 ke nan, na LED wat 90. Wanda ƙauyensu babu wuta, ɗan faifan sola da batir sun ishe shi, ya huta da sayen kananzir da tsoron gobara kusa da rumbu. Ƙwan LED na kirki kuma yakan yi awa 15,000 ko fiye.

Ina ruwan kaza da fitila? Kaza mai yin ƙwai tana bukatar haske awa 14 zuwa 16 kowace rana kafin ta yi ƙwai sosai. A ƙasar Hausa kuwa yini bai cika wuce awa 13 ba, da hunturu ma yakan kasa 12. Saboda haka sai a cika mata da fitila, da asuba ko bayan magariba. A zaɓi ƙwai mai haske ruwan ɗorawa, ya fi fari fat dacewa da masu ƙwai. Kada a ƙara wa 'yan budurwar kaji haske tun ba su kai kamar mako 17 ba, don kada su fara ƙwai jikinsu bai ƙosa ba. In an fara, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, kuma kada a rage muddin suna ƙwai.

Amma ga gargaɗi, a saurara da kyau. Mutane da yawa sun saba ɗumama 'yan tsaki da tsohon ƙwan lantarki, domin zafin nan da muka kira ɓarna shi ne uwarsu. LED ba shi da wannan zafi. Ɗan tsako a makonsa na farko yana son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Wanda ya sa musu LED kaɗai cikin sanyin hunturu, zai ga sun cunkushe wuri ɗaya suna danne juna, da safe ya kwashi matattu. Lalle a tanadar musu kaskon gawayi ko ƙwan ɗumama na musamman, a bar kafar da hayaƙi zai fita. LED na haske ne, ɗumi aikin wani abu ne dabam.

In za ku saya, ku duba lambar lumen a jikin kwali, ita ce ma'aunin haske. Lumen 800 shi ne daidai da tsohon wat 60. Ku tuna araha ba ta ado, gama akwai jabu masu mutuwa cikin 'yan makonni. Ku nemi mai kanti ya gwada a gabanku. Ku rataye shi inda ruwa ba ya taɓa shi, ku riƙa goge masa ƙura.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.