Kafin Ku Ce Kati Ya Mutu

Samarin Hotoro da Tarauni, musamman ku da kuka faro daga gyaran waya a Farm Centre kuka gangaro harkar saba da netwok, ku matso in faɗa muku wani abu. Ina lura da ku: da zarar manhaja ta ce ba ta ga katin netwok ba, sai a zare shi, a hure ƙura, a ce jabu ne, a bazama neman wani. Ku yi a hankali, 'ya'yana. Sau da yawa katin lafiyarsa lau, direbansa ne bai shigo ba.

Ku ɗauki DPDK, wadda Intel ta fitar a 2010 don saurin sarrafa bayanan netwok. Direbobinta laburare ne da ke tafiya tare da manhajarku, kuma hanya biyu ake bi. Ko a ɗinke su cikin manhajar tun wajen haɗawa, su ne fayilolin .a, ko a bar su a waje a matsayin na tarayya, fayilolin .so, a ɗauko su lokacin tashi. Na farko matafiyi ne da guzurinsa a jaka, na biyu kuwa ya dogara da abin da zai tarar a hanya.

Ɗinkakken ne ya fi yaudarar yara. Linka, mai ɗinke manhajar wajen haɗawa, ba ya ɗaukar komai daga .a sai abin da aka kira da suna. Su kuwa direbobin nan babu mai kiran su, su ne ke yi wa kansu rajista idan manhaja ta tashi. Sai linka ya ga kamar ba su da amfani, ya bar su a baya. Haɗawa ta kammala ba ƙorafi ko ɗaya, ka kunna, a ce babu kati. Maganinsa --whole-archive, ko mafi sauƙi ka bar pkg-config --static --libs libdpdk ya jero maka komai. Tun fitowar 20.11 aka bar make aka koma meson, don haka tsohon Makefile da ka kwafo wajen aboki ba lallai ya yi ba.

Na tarayya kuma, fara da ldd ka ga wane laburare ne ba a samu ba. In ka girka a /usr/local/lib, kar ka manta da ldconfig. Amma fa ldd ba zai nuna maka direbobin da ake ɗaukowa bayan tashi ba. In manhajar ba ta same su da kanta ba, sai ka nuna mata inda suke da -d. Ka duba kuma kada ragowar .so na tsohuwar fitowa su gauraya da sababbi.

Sai bayan wannan ka tambayi dpdk-devbind.py ko katin na hannun vfio-pci. In daga nesa kake aiki ta SSH, don Allah kar ka ɗaure katin da kake shiga ta kansa, in ba haka ba sai ka hau Adaidaita Sahu ka je har inda sabar take.